Gammon Hanyar Vandi

Ran wata Juma'a cikin kaka, shekara guda da 'yan watanni bayan ƙuri'ar raba gardamar da ta bar mu a Nijeriya, muka taso daga masallaci muka tarar babu keken Ba Kaumi.

Ba Kaumi tela ne, mutumin Borno, mai ɗinkin manyan riguna a bakin kasuwar Mubi. Keken nan watansa biyu a hannunsa, baƙi wul, da fitila, da ƙararrawar da ake jin ta tun daga mahauta. Ni na haɗa shi daga cikin akwati, don ni Alhassan gyaran keke ne sana'ata. Na koya a Garwa, na ƙara a Yola, na dawo gida na kafa rumfa. Boko ban yi ba, amma in taya ta wuce a ƙasa zan faɗa maka ta wane ce, in ƙara maka da ko mai ita ya ƙoshi.

Ya jingine shi ne a ginshiƙin rumfarsa kamar kullum, bai sa makulli ba. Kafin la'asar ƙofar shagon ta cika, kowa da ɓarawonsa a baki. Da ni aka fara. Wasu suka ce mai gyara shi ya san yadda ake kwance keke ya koma ƙarafa. Na buɗe musu rumfata suka duba har cikin tulu. Da ba su sami komai ba, sai wani ya ce ai ya ga sabon sawun taya ya shiga kurmi ta bayan gari. Daga nan bakin kowa ya koma kan Vandi.

Wanda bai san Mubi ta lokacin ba sai an yi masa bayani. Akwai wata siririyar hanya da ta tashi daga bayan gari ta shiga kurmi, ta bi gefen mayo, wato rafi, ta ɓulla Duvu, ta karkata ta nufi Gude. Mota ba ta shigarta, faɗinta bai wuce mutum ya buɗe hannu biyu ba. Vandi, wani manomi Kirista daga kan duwatsu, shi ya sare ta da addarsa, shekara goma sha huɗu yana kula da ita. Inda ruwa ya ci ya cike, inda saiwa ta fito ya sassabe. Yana shafa wa itatuwa farar ƙasa: zane ɗaya miƙe, zane biyu gangara ce kama birki, zane uku ruwa na gaba. Ran Lahadi da yamma mukan fita mu goma, mu ashirin, malaman makaranta da 'yan kasuwa da ma'aikatan asibiti, mu yi zagayen kurmin nan cikin inuwar maɗaci da ɗorawa, ba ƙarar da kake ji sai ta tsuntsu da ta sarƙar kekenka. Na ga garuruwa, ban ga inda hawan keke ya fi daɗi ba.

Washegari Asabar sai ga Bunu daga Duvu. Bunu ƙanen matar Ba Kaumi ne, a shagonsa ya koyi ɗinki, ya koma Duvu yana ɗinka wa mata atamfa da allura da hannu. Ya iso yana haki, riƙe da famfon keken da aka sace.

"A kanyar Vandi na gan shi rataye," in ji shi. "Yaya, ba tun yau nake faɗa maka mutumin nan yana yawan shafa keken nan ba? Ka ce son ƙarfe ne kawai."

Gaskiya ne Vandi ya sha tsayawa yana kallon keken, har ya taɓa roƙon a bar shi ya gwada shi a gangarar mayo. Jauro, mai unguwarmu, ya yanke magana a gaban jama'a: in Talata ta yi keke bai fito ba, za a kai Vandi gaban alƙali, a kuma karɓe hanyar daga hannunsa. Wasu har sun fara cewa daman mutanen dutse sai a hankali. Wannan maganar ce ta tashe ni tsaye.

Na je na ɗauko Hammanjoda.

Hammanjoda Bafulatani ne, tsoho siriri kamar sandarsa, wanda ya yi rayuwarsa yana bin sawun shanun sata. Bai taɓa hawa keke ba, ya ce abin da ba ya cin ciyawa ba shi da amana. Da Ba Kaumi ya hango shi, duk da ɓacin ransa sai da ya yi murmushi, don ka san wasan da ke tsakanin Barebari da Fulani.

"Alhassan, na ce ka nemo mini mai hankali, ka kawo mini bawana?"

"Bawa ya zo ya ga yadda ubangijinsa ya iya kiwo," in ji Hammanjoda. "Dabba ɗaya tak, ba ta da baki ba ta da ƙafa, ta gudu ta bar ka. Da saniya ce da yanzu kana tsirara."

Ya zagaya rumfar a hankali. Sawun ƙofar shago kam jama'a sun tattake shi tun jiya. Ya tsaya a kan wani ƙunshi da ke kusurwa, an naɗe shi da tabarma an ɗaure tamau da igiya. Ya taɓa shi da sanda.

"Wannan gawar wace ce?"

"Tsohon keken ɗinki ne. Na Bunu. Tun bara yake cin kunnena in ba shi, ran Laraba na ɗaure masa na aika a ce ya turo a ɗauka."

"To, madalla," in ji Hammanjoda, ya wuce kamar bai ji ba.

Lahadi da hantsi muka shiga kurmi, shi a ƙasa, ni ina tura kekena a bayansa. Ruwa bai daɗe da ɗaukewa ba, ƙasar ƙarƙashin itatuwa da sauran laima, tana riƙe sawu kamar tuwo. Ba mu yi nisa ba ya nuna mini wata taya mai zane irin na keken Ba Kaumi sak, ta ratse ta bi reshen da ke zuwa makaranta. Mutum ɗaya ne ke da irin tayar nan bayan Ba Kaumi, wato Malam Ephraim, malamin makaranta, abokin yawonmu. Na durƙusa na bi ta taku ashirin, sai na ga duk zagaye ɗaya akwai wani ɗan tabo kamar ƙwayar gyaɗa.

"Tasa ce ta kansa," na ce. "Wannan facin ni na yi shi da damina."

"Ashe kana da amfani," in ji shi.

Muka dawo babbar hanya. Can gefe, inda masu hawa ba sa bi, ya sake tsayawa. Ga taya sabuwa ba tabo, amma sawunta sama-sama, tana tafiya tana lanƙwasa kamar maciji. Kusa da ita ga sawun ƙafa ba takalmi, faffaɗa, yatsu a buɗe.

"Ba kowa a kan sirdi," na ce. "Tura shi ake yi."

Hammanjoda ya juyo ya dube ni, ya dubi kekena.

"Kai ta wane gefe kake tsayawa in kana turawa?"

"Hagu mana. Kowa ma hagu. Dama ai gefen sarƙa ne, ga maiƙo, ga feda tana sarar ƙwauri."

"Shi wannan a dama yake. Duba nan, ya tsaya ya ɗaga ƙafa. Nan ma ya tsaya. Dabbarku tana harbinsa."

Gaba kaɗan muka iso inda hanyar ta fi ko'ina kyau, miƙaƙƙiya, sumul, inda ko tsoho irina sai ya saki birki ya yi waƙa. A nan sawun taya ya ɓace ɗungum. Sawun ƙafar kuwa ya ƙara nutsewa cikin ƙasa.

Hammanjoda ya yi dariya har ya dogara da sanda.

"Alhassan, a wajenku akwai ɓarawon da yake satar doki, in ya iso fili ya goya shi?"

A ka ya ɗora keken ke nan. Haka muka bi shi har mayo. A bakin ruwa sawun ya rikice, alamar ya zame ya faɗi. Hammanjoda ya bi gefen ruwan ƙasa kaɗan, ya sa sanda cikin saiwar gora ya zaro wani abu jiƙaƙƙe. Gammo ne. Ba irin na ciyawa da mutum ke murɗawa a hanya in kaya ya dame shi ba. An naɗa shi da kyau tun daga gida, da ƙyallayen atamfa kala-kala, ja da ruwan ɗorawa da kore, an kuma ɗinke bakinsa da zare. Ya matse shi ya jefa a jakarsa.

A tsallaken mayo, inda hanyar Duvu ta rabu da ta Gude, akwai wata babbar kanya. A gindinta muka sami Vandi zaune cikin rigarsa ta coci, hannu ba adda, abin da ban saba gani ba. Bisa kansa, a wani reshe da ya kafa wa ƙusoshi, ga hula, ga makullin wani, ga takalmi wari ɗaya.

"Sannu Baba Hamman, sannu Alhassan. Kun zo kama ni ne, ko sai Talata?"

"Mun zo shan inuwa. Famfon nan fa?"

"A bakin mayo na tsince shi, Asabar da sassafe. Na rataye. Kowa ya san kanyan nan. Abin da ya faɗi a hanya, nan yake jiran mai shi. Wannan hula wata uku yana nan."

"Ka san na wane ne?"

"Na sani. Na ce in Ba Kaumi ya zo yawo zai gani. Ban ji an sace keke ba sai da rana."

Hammanjoda ya ce ya ɗage wandonsa. Vandi ya ɗage. Ƙwaurinsa duka biyu ba ko ƙwarzane, a ƙafarsa kuma ga takalmin taya da ni na yanka masa.

"Dorcas ta ce in hau dutse wajen 'yan'uwanta har magana ya mutu," in ji shi. Dorcas matarsa ce. "Na ce in na tafi sun ce gaskiya ke nan. Kuma itace ya faɗi a gangaran Gude, gobe wani zai karya wuya."

"Je ka sare itacenka," in ji Hammanjoda. "Talata ka zo da rigar nan, ta yi maka kyau."

Dab da Duvu hanyar ta hau wani falalen dutse, a nan sawu ya ƙare mana. Hammanjoda bai damu ba. Ya ce inda ƙasa ta yi shiru, mata ke magana. Muka zauna wajen Hansai mai kunu a bakin gari, ya sha ƙwarya guda, ya yaba tsaminsa, sa'annan ya tambaye ta ko wani mai ciwon ƙafa ya sha kunu a nan ran Juma'a.

"Matiyu ɗan dako," in ji ta nan take. "Na kan dutsen Gude. Ƙwaurinsa duk jini. Na ce me ya same ka, ya ce kayan birni yana cizo."

"Da kaya a hannunsa?"

"Hannu wofi. Daga cikin gari ya fito, ya ce an sallame shi, an ce ya tafi girbi kada ya sauko sai bayan Kirsimeti."

Muka biya rumfar Bunu mu gaisa. Ya karɓe mu da fara'a, ya shimfiɗa tabarma. Hammanjoda ya cire hularsa ya ce ta ɓarke, a taimaka masa da ɗinki biyu. Bunu na ɗinki, shi kuwa yana wasa da ƙyallayen da ke zube a ƙasa da bakin sandarsa.

"Ɗinkin hannu da wahala," in ji shi.

"Sai haƙuri, Baffa. Ya labarin ɓarawonmu?"

"Yana nan kusa."

Litinin muka hau dutsen Gude, na bar kekena a gindi. Muka sami Matiyu cikin gonar dawa, ƙato, mai yawan dariya, ƙwaurinsa na hagu ɗaure da ganye. Hausarsa ba ta wuce ta ciniki da gaisuwa ba. Hammanjoda ya yi kiwo a cikin mutanen dutsen yana jin yarensu na Guɗe, ni kuwa ba na ji, don haka na zauna ina shan takanɗa suna ta magana. Abin da na lura, Matiyu ko kaɗan bai tsorata ba. Har kwaikwayo ya yi mana yadda feda ta sare shi.

Talata da safe aka taru a rumfar Ba Kaumi. Ga Jauro a kan kujera, ga Vandi cikin rigar coci da Dorcas a bayansa, ga Malam Ephraim, ga Bunu kusa da yayansa, ga ni, ga rabin kasuwa. Hammanjoda ya ce in jingine kekena a ginshiƙin da aka ɗauki na Ba Kaumi. Ya sa aka kwance ƙunshin kusurwa, keken ɗinki ya fito fili.

"Jauro, Allah ya ba ka nasara, wanda ya ɗauki abin nan bai iya hawa ba. Ta dama ya tura shi, inda hanya ta yi kyau kuma ya ɗora a ka. Vandi yana sauka gangarar mayo hannu a aljihu, duk kun gani. Alhassan da Malam su ma haka."

Ya zaro gammon ya ajiye a tabarma.

"Wanda zai saci keken hawa ba ya tahowa da gammo daga gida. Mai gammo an aiko shi ɗaukar kaya ne."

Ya ɗaga sanda, Matiyu ya fito daga bayan jama'a yana gaishe da kowa. Na dubi Bunu, na ga ya sunkuyar da kai yana gyara bakin rigarsa.

"Matiyu," in ji Hammanjoda da Hausa, "ɗauko keke."

Matiyu bai ko kalli kusurwa ba. Ya tafi kai tsaye ya kama kekena, ta dama, yana janye ƙwaurinsa.

"Wancan na kusurwa fa? Mene ne sunansa?"

"Wancan? Abin tela ne."

Dariya ta tashi daga baya ta zagaye rumfar. Ba Kaumi bai yi dariya ba.

"Wa ya aike ka ran Juma'a?"

"Malam Bunu. Ya ce je shagon Ba Kaumi, keke yana rumfa, ɗauko, ya san da magana. Ya ba ni gammo. Na zo ba mutum, duk sun tafi salla. Na ga keke, na ɗauka. Na kai masa gida ta bayan gari."

"Ya ce me?"

"Ya daɗe yana kallo. Ya ce ya yi kyau, tafi girbi."

Bunu ya miƙe ya ce Matiyu mutumin dutse ne, an saye shi, ƙyalle kuma ai ko'ina akwai ƙyalle. Hammanjoda ya bar shi ya gama.

"Ƙyalle akwai ko'ina, gaskiya ne, ko da yake yayanka fari da shuɗi kawai yake ɗinkawa. Bar wannan. Tambaya ɗaya zan yi maka, ɗana. Shekara guda kana roƙon keken ɗinkin nan. Ran Laraba aka ce ka turo a ɗauka. Asabar ka zo nan da ƙafarka, ka zauna dab da shi, ga shi a ɗaure da sunanka. Me ya hana ka tambaya?"

Ba Kaumi ya juya a hankali ya dubi ƙanen matarsa.

"Haka ne," in ji shi. "Ko kallonsa ba ka yi ba."

Bunu ya koma ya zauna a ƙasa. Can ya ce, murya ƙasa-ƙasa, keken yana cikin rumbu, ƙarƙashin gyaɗa. Ya ce da farko ya yi niyyar mayarwa da safe, sai ya kwana yana kallonsa, da ya ga famfo a kanya kuma sai Shaiɗan ya ƙarasa masa lissafi.

"Matiyu kuskure ya yi, ba laifi," in ji Jauro. "Kai kuwa kuskure ya zo har gida ya same ka, ka mai da shi sata, ka kuma rataya wa wani. Vandi, kai aka ɓata wa suna. Alƙali na nan in kana so."

Vandi ya murza hularsa. Dorcas ta faɗa masa wani abu da yarensu, ya girgiza kai.

"Alƙali ba zai gyara mini mayo ba," in ji shi. "Wajen da Matiyu ya faɗi, mutum huɗu sun faɗi bana. Ina so in sa gada, ba ni da mai ɗauka mini gungume. A ba ni Bunu rani ɗaya."

Jauro ya ce ya ba shi. Ba Kaumi ya tashi, dattijo da shi, ya kama hannun Vandi da hannu biyu a gaban kasuwa ya roƙe shi ya yafe masa, ya ce shi ma ya saurari maganar banza. Sa'annan ya juya ga Hammanjoda ya ce bawa ya yi aiki, me yake so.

"Ka koyi ɗaure dabbarka," in ji shi. "Da goro, in Babarbare ya san inda ake sayarwa."

Lahadin da ta biyo muka fita mu ashirin da uku. Keken ya dawo yana ƙanshin gyaɗa, na wanke shi na sa masa mai. A bakin kurmi Ba Kaumi ya sauka ya miƙa wa Vandi, shi ya hau tsohon nawa. Vandi ya shige gaba, ƙararrawar nan na tashi cikin itatuwa, a gangarar mayo kuwa ko birki bai taɓa ba, shi da ya zana zane biyu da hannunsa.

Gada ta tsaya kafin ruwan farko, gungume bakwai, duk a kan Bunu suka zo. Keken ɗinkin ma daga baya an ba shi, amma shi ya ɗauke shi da kansa har Duvu. Tun daga lokacin a unguwarmu in ka aiki mutum ya ɗauko keke, sai ya tsaya ya tambaye ka, na hawa ko na ɗinki.

Gammon kuwa Vandi ya karɓa daga hannun Hammanjoda. Ya ce a hanya aka tsince shi, dokar hanya kuma ɗaya ce. Ya rataye shi a kanya, tsakanin hular nan da takalmi wari ɗaya. Mai hula ya zo ya ɗauki hularsa, takalmin ma wata rana mai shi ya biyo. Bunu kuwa duk ranar kasuwa sai ya wuce ta ƙarƙashin reshen nan, zuwa da dawowa. Gammo ya sha damina shida a wurin, mai shi bai zo nema ba.